Masu Tambaya Kan Kisan Mijin Yayata

Mijin yayata kansila ne lokacin da aka kashe shi. Ba wani babban ɗan siyasa ba ne. Manomi ne daga wani ƙauye a gefen Paiko, mai noman doya da gyaɗa, mutanen mazaɓarsa suka tura shi gaba saboda ba ya iya yin shiru idan ya ga an danne wani. Iyalinsa suna zaune a unguwar Barkin Sale cikin Minna, shi kuwa kullum yana kan hanya tsakanin Minna da gona. Wata ranar kasuwa, da rana tsaka, yana dawowa a kan babur, wasu mutum biyu suka tare shi suka harbe shi. Ba su ɗauki babur ɗin ba. Wayarsa tana cikin aljihunsa, agogonsa yana hannunsa. Duk da haka, kafin mu gama yi masa sutura har an sanar cewa 'yan fashi ne.

Ina tuna zaman makoki. Manyan jam'iyyarsu suka cika layin da motoci, masu keke da 'yan acaɓa suka rasa ta inda za su bi. Babbansu, wani alhaji mai taushin murya wanda kowa ya san shi ne ke ɗora ɗan takara ya sauke a yankin, ya zauna kusa da ni a kan tabarma. Ya riƙe hannuna, ya ce ba za su huta ba sai an kamo waɗanda suka yi wannan aika-aika. Har hawaye ya share da gefen babbar rigarsa. Na yarda da shi. Kowa ya yarda.

Ba a yi sadakar arba'in ba sai wata magana ta fara yawo a gari. Wai ba fashi ba ne, ba kuma siyasa ba. Wai marigayin yana bin matar wani a ƙauye, mijin ne ya sa aka gama da shi. Babu wanda ya taɓa faɗa mana a fuska. Sai dai Yaya, wadda take sayar da atamfa a kasuwa, ta lura idan ta nufo rumfa mata sukan yi shiru, su hau gyaran kayan da ba su buƙatar gyara. 'Yarta babba ta dawo daga makaranta tana kuka, wata ta ce mata ubanta ya mutu mutuwar kwarto. An kashe mutum, an bar gawarsa a bakin titi, sannan aka bi shi har kabari aka tuɓe masa mutunci. Wannan na biyun ya fi cin Yaya. Ta daina zuwa biki da suna. Ta rame, ta zama mai saurin fushi, ko sunansa ba ta son a ambata.

Shekaru suka wuce a haka. Ba a kama kowa ba. Duk lokacin da na je wurin 'yan sanda bin maganar, sai a ce jami'in da ke riƙe da ita an yi masa canjin wurin aiki, in dawo wani lokaci. Har na gaji na daina zuwa.

Wata Asabar da hantsi ina gidan Yaya sai aka yi sallama. Wani tsoho ne siriri da sanda, cikin farin kaftani da ya sha wanki, tare da wata mata mai matsakaicin shekaru, da ɗan kwali ɗaure da jaka a kafaɗa. Tsohon daga zuri'ar mutanen Bida yake, malamin tarihi ne da ya yi ritaya. Aikinsa tun daga lokacin shi ne rubuta ƙananan littattafai kan unguwanni da kasuwanni, ya buga da kansa, ya raba wa duk wanda ya ga alamar zai karanta. Muna kiransa Baba. Matar kuwa Kirista ce, 'yar Gbagyi, iyayenta da kakanninta duk manoman yankin ne. Ta yi aikin ɗauko labarai a gidan rediyo, ta bari bayan an hana wani rahotonta fita. Ita muka riƙa ce wa Anti. Babu jaridar da ta aiko su, babu ƙungiya, babu gwamnati. Su biyu ne kawai suka ga an kashe zaɓaɓɓen mutum da rana tsaka an yi shiru, abin ya hana su sukuni, suka ce za su rubuta littafi a kai.

Yaya ba ta ko ba su wurin zama ba. Ta tsaya a bakin ƙofar ɗaki ta ce, "Sai yanzu kuka tuna da shi? Lokacin da ake yawo da sunansa a kasuwa kuna ina? Ku je ku rubuta abin da kuka ji, ai kowa ya ji."

Baba ya sunkuyar da kai ya ce, "Hajiya, kina da gaskiya. Mun makara."

Anti ta matso. Hausarta irin ta mutanen da suka koye ta a kasuwa da makaranta ce, mace da namiji duk "kai" ne a bakinta. Ta ce, "Mama, abin da muka ji shi ya kawo mu. Ni ban yarda da shi ba. Kai ka zauna da mutumin nan, kai ka san shi. Idan kai ba ka yi magana ba, masu ƙarya ne za su yi."

Yaya ta dube ta. Sannan ta juya ta ce da ni, "Ɗauko musu kujera."

Ni malamin firamare ne, ina zaune a unguwar Shango, ina da wata tsohuwar mota da sai an tura take tashi idan ta kwana biyu a ajiye. Su kuma a motar haya suke bin ƙauyuka, Baba da ciwon gwiwarsa. Haka na zama direbansu duk ƙarshen mako da lokacin hutu, kuma a nan na ga yadda ake wannan aiki. A da na ɗauka bincike wani abu ne mai zafi, irin na kama mutum a matse shi. Ashe yawancinsa zama ne. A zauna a gindin bishiya, a gaisa, a tambayi damina, a tambayi yara, a sha ruwa, a jira. Wani lokaci mu wuni mu dawo ba mu samu kalma ɗaya mai amfani ba.

A ƙauyen marigayin, mutanen da ya yi wa tsaye a kan rijiyar burtsatse da takin zamani, da suka ga motarmu sai su shige gida. Wani dattijo da na san marigayin ya taɓa kai masa mata asibiti a bayan babur ya ce mana shi bai san komai ba, ranar ma ba ya gari. Wani kuma ya ce, "Malam, a bar wa Allah." Wannan kalma na ji ta har ta ishe ni. Ba don ban yarda da hukuncin Allah ba. Amma mutanen nan idan aka sace musu akuya ba sa bar wa Allah, har gaban mai unguwa suke zuwa. Sai da aka zo kan jinin mutum ne kowa ya zama mai tawakkali.

Baba yana da tambaya guda da ba ya gajiya da ita. Duk wanda ya kawo maganar matar aure, sai ya ce masa cikin ladabi, "To, wace mata ce?" Wannan ya ce matar wani mai gyaran babur, wancan ya ce ta wani mahauci, wani ya ce ai ba 'yar garin ba ce. Babu biyu da suka faɗi mace ɗaya. Sai Baba ya ƙara, "Kai wa ya gaya maka?" Idan an faɗi mutum, mu tafi wurinsa, a sake gaisuwa, a sake zama, a sake tambaya. Mun bi wannan magana daga mai shayi zuwa mai faci, daga mai faci zuwa wani direban bas, daga shi zuwa wata mai abinci a tasha. Ta kowace hanya muka bi, ƙarshenta wuri ɗaya take kai mu: rumfar da ke ƙofar gidan alhajin nan, inda yaransa na siyasa suke wuni. Daga can maganar ta fito, a makon da aka yi kisan.

Anti kuma ta bi ta wani gefen. Ta gano cewa kafin rasuwarsa marigayin ya ƙi sa hannu a kan rabon wani babban fili da mutanen ƙauyuka suke nomawa tun kakanni, kuma ya faɗa a taro, a gaban jama'a, cewa zai nemi kujerar da ta fi ta kansila don ya hana. Mun je filin. An kewaye shi da katanga, doguwa, da ƙofar ƙarfe. Wata tsohuwa da ke tsintar itace a gefe ta nuna mana da hannu inda gonar mijinta take a da, a can ciki.

Daga nan aka fara waiwayarmu. Aka ce Anti Turawa ne suke ba ta kuɗi don ta ɓata sunan gari. Aka ce Kirista ce, me ya haɗa ta da mutuwar Musulmi in ba neman fitina ba. Aka ce Baba tsufa ya taɓa masa kai. Dattawan danginsa suka yi ayari suka same shi a gida, suka roƙe shi ya tuna yana da 'ya'ya a aikin gwamnati. Ni ma shugaban makarantarmu ya kira ni ofis, ya rufe ƙofa, ya ce shi ba ruwansa, amma an tambaye shi ko gaskiya ne ina da sha'awar koyarwa a wani ƙauye mai nisa. Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne, a duk waɗannan mutane babu wanda ya ce abin da muke ganowa ƙarya ne. Damuwarsu ita ce me ya sa muke tambaya.

Sai wata rana muka dace. Kusa da inda aka yi harbin akwai wata mata da take soya doya a bakin titi. Mun sha tsayawa wurinta, ba ta taɓa cewa komai ba. Ranar, Anti ta bar mu a mota, ta bi ta bayan rumfa tana taya ta feraye doya, suna magana da Gbagyi. Sun jima. Da Anti ta dawo ta shiga mota, muka tashi muka yi nisa. Sannan ta gaya mana. Mutum biyun tun safe suke zaune a gindin wata bishiya daura da rumfar. Har doya suka saya a wurinta. Ɗayansu ta san shi sarai, tana ganinsa a bayan motar alhajin duk lokacin kamfe. Ta ga lokacin da suka miƙe, ta ji ƙarar bindiga, ta ga komai. Ba wanda ya taɓa zuwa ya tambaye ta, ita da rumfarta take kallon wurin.

Na taka burki a gefen hanya. Na ce, "Shi ke nan. An gama."

Anti ta girgiza kai. Ta ce matar ta sa ta rantse ba za a rubuta ba, ba za a kai ta gaban kowa ba. Tana da yara ƙanana, kuma a bakin titin nan take kwana take tashi. Baba da Anti sun koma wurinta sau da yawa bayan haka, suna lallashi. Zuwan ƙarshe suka tarar an kwashe rumfar. Mijinta ya mai da ita garinsu.

Da suka gama rubutu, Baba ya kira ni gidansa ya ba ni in karanta. Na zauna a zaurensa na karanta tun daga fari har ƙarshe. Komai yana ciki: rayuwar marigayin, maganar fili, babur da wayar da ba a taɓa ba, yadda ba a tambayi kowa ba, yadda ƙazafin matar aure ya kasa tsayuwa, da cewa an bi sawunsa har ƙofar gidan wani jigon siyasa. Amma babu sunan jigon. Babu mai doya. Babu inda aka ce ga wanda ya sa aka yi kisan.

Na ajiye takardun na ce, "Baba, wannan fa? Duk wahalar nan don a ce wani jigo? Kun san shi, na san shi, Anti ta ji da kunnenta."

Ya ce, "Mun ji. Ba mu iya tabbatarwa ba."

Na ce, "Tsoro kuka ji."

Ban taɓa ganin ransa ya ɓaci ba sai ranar. Ya buga sandarsa a ƙasa ya ce, "Ɗana, da tsoro nake ji da ban bar gidana ba tun farko. Mutum ɗaya ce ta gani, kuma ta ce kada a faɗa. In na rubuta, gobe gawarta za a tsinta, ko kuma a maka mu a kotu mu rasa shaida, a ce duk littafin ƙarya ne, har da wanke mijin yayarka da muka yi. Su da 'an ce, an ce' suka kashe shi karo na biyu. Kana so in ɗauki makaminsu?"

Na tashi na fita ko sallama ban yi ba. Na san abin da ya faɗa daidai ne, kuma sanin hakan bai rage mini komai ba. Har yau idan na tuna, zuciyata tafasa take yi: wanda ya yi ƙarya bai buƙaci shaida ko ɗaya ba, gari ya ɗauka ya yaɗa. Masu faɗin gaskiya kuwa sai sun kawo mace mai goyo ta tsaya a gaban bindiga kafin a saurare su.

Da na kai wa Yaya, ni na karanta mata, don idonta ya fara rauni. Na zaci za ta yi fushi kamar ni. Da na zo babin ƙazafin, sai ta ce in sake. Na sake. Ta ce in kira 'ya'yanta su ma su ji. Suka zauna a tsakar gida na karanta a karo na uku. Ba ta yi kuka ba. Ta ce kawai, "To. An rubuta."

Masu ɗab'i na gari duk suka ce injinsu ya lalace ko aiki ya yi musu yawa, sai a wani gari aka buga. Zauren da aka kama don ƙaddamarwa, ana gobe taro aka ce za a yi masa fenti. Yaya ta ce a yi a gidanta. Muka aro kujerun roba, muka kafa rumfa a ƙofar gida. Mutane ba su yi yawa ba: 'yan uwa, wasu tsofaffin ɗaliban Baba, matan cocin su Anti, da 'yan ƙauyen marigayin kaɗan da suka zo a bas suka zauna can baya.

Ana cikin taro, Baba yana bayani, sai ga motoci. Alhajin ne da kansa, da yaransa. Ba shakka an karanta masa littafin, ya ga babu sunansa. Ya fito yana murmushi yana ɗaga hannu, aka tashi aka ba shi kujerar gaba. Ya karɓi lasifika ba tare da an miƙa masa ba, ya ce marigayin ɗansa ne, ya ce wannan aiki abin yabo ne, ya ce irin waɗannan marubuta gari yake buƙata. Wasu har suka fara tafi. Na dubi Baba, ya ƙura wa ƙasa ido. Na dubi Anti, ta dafe jakarta da hannu biyu.

Sai Yaya ta taso daga cikin mata. Ta ratsa kujeru a hankali har ta tsaya a gabansa. Ba ta ɗaga murya ba, amma lasifikar tana kusa, kowa ya ji.

Ta ce, "Alhaji, wa ya gayyace ka?"

Ya yi 'yar dariya ya ce, "Haba Hajiya, ai gidan ɗana ne."

Ta ce, "Gidan marayu ne. Ka zo ta'aziyya mun karɓe ka, don ba mu sani ba. Yau ba ma buƙata. Tashi ka tafi."

Ɗaya daga cikin yaransa ya yunƙuro, alhajin ya ɗaga masa hannu. Ya ajiye lasifikar a kan kujera, ya gyara rigarsa, ya tafi. Wasu daga cikin baƙi suka sulale suka bi bayansa. Waɗanda suka rage suka rage. Yaya ta juya ta ce, "Baba, ci gaba da bayaninka." Baba ya ci gaba.

Ba a sake buɗe shari'ar ba. Babu jami'in da ya kira Baba ko Anti ya ce ku zo ku nuna mana abin da kuka samo, alhali sun aika littafin duk inda ya kamata. Alhajin yana nan, ana gayyatarsa ɗaurin aure, ana ba shi sahun gaba. Ni an yi mini canjin makarantar da aka yi mini alkawari, na yi shekaru ina tafiya mai nisa kafin a dawo da ni. Anti ta koma kan wani kisan a wata ƙaramar hukuma, har yanzu a motar haya.

Baba bai daɗe ba bayan ƙaddamarwar ya kwanta ciwo. Na je duba shi a gida, na same shi ya rame ƙwarai, jikokinsa suna yi masa fifita. Na zauna a bakin gado. Sai ya riƙo hannuna, ya ce akwai abin da yake damunsa. Na matso da kunne. Ya ce a cikin littafin, a wuri guda, masu ɗab'i sun rubuta sunan ƙauyen tsohuwar nan mai tsintar itace ba daidai ba, sun canza harafi ɗaya. Ya ce in an sake bugawa in tabbata an gyara, don mutanen garin za su ji ba daɗi.

Na ce masa za a gyara. Ya rasu cikin daminar shekarar, kuma ba a sake bugawa ba.